Umma da Tsutsotsin Surukinta a Tsibirin Moris

Shabab, samarinmu, salamu alaikum. Tun da na dawo kun hana ni sakat. Mutum ya shigo shago a Aziziyya da sunan gyaran waya, ya ajiye wayar a kan tebur, sai ya ce, "To Anas, ya Moris?" Ranar Juma'a ma a ƙofar masallaci aka tare ni. Halas, shi ke nan, ga shi zan rubuta sau ɗaya a nan, wanda ya sake tambayata in tura masa. Masu jiran hotona a bakin teku da kwakwa a hannu kuma ku yi haƙuri, ta tagar bas na ga tekun.

Ga wanda bai sani ba, yayata Ruƙayya can take aure. Tsibiri ne a tsakiyar ruwa, gaba da Madagaska, mu nan muna cewa Murishiyus, su suna cewa Moris. Mijinta Imran ɗan can ne, a jami'a nan Madina ya yi karatu. Ranar da ya fara zuwa gidanmu a Harra ta Gabas da Larabcinsa na littafi, kamar mai huɗuba yake neman ruwan sha, ni da ƙannena sai da muka shige kicin muka yi dariya. Abba ya so shi. Umma ma ba ta ƙi shi ba, ƙasar ce ta ƙi. Cewa ta yi, "Garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina, in an ɓata maka rai ta ina za ka bi ka taho gida?" Abba ya amince, takardu suka fito bayan dogon jira, aka ɗaura aure, Umma ta yi shiru. Kun san shirun Umma.

To sai ga ciki. A wurinmu haihuwar fari a gida ake yi, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego har arba'in. Likita ya hana Yaya hawa jirgi, ta haihu a can, namiji. Umma ta ce tunda Yaya ba za ta iya zuwa ba, ita za ta je. Abba ƙafa ta hana shi, aka ce ni ne muharrami.

Ana gobe za mu tashi, muna ɗaure kaya, Umma ta ce mini ba tare da ta ɗago ba, "Zan je in gani da idona. In na ga ba su riƙe yarinyar nan da daraja ba, da ita da jaririn zan dawo." Yarinyar nan ita ce Yaya. 'Yar fari ce, Umma ba ta taɓa kiran sunanta ba tun da nake. Ranar kuma saƙon murya ya shigo mini daga Yaya, a hankali take magana kamar mai tsoron a ji: "Anas, don Allah ka tsaya tsakaninsu. Ina jin daɗin zamana a nan. Kada Umma ta sa ni zaɓa tsakaninta da gidana." To kun ji abin da na ɗauko, ya fi jakunkunan nauyi.

Jakunkunan ma ba wasa ba. Dabino ajwa, zamzam, garin kunu, kanwa, yajin jego, turaren wuta. Sai babban abin, ganyen darbejiya ɗanye, wanda ta aike ni har unguwar Ƙiblatain na saro a gidan ƙawarta, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen zane. Da shi ake wankan, a tsoma cikin tafasasshen ruwa a riƙa fyaɗa wa mai jego. Na ce, "Umma, ba za a bar mu mu shiga da wannan ba fa." Ta ce, "Kai ka taɓa haihuwa?"

Jirgin ƙasa muka bi zuwa Jidda, daga nan muka tashi. Tun da muka bar ƙasa Umma ta riƙe carbi, jim kaɗan ta taɓo ni, "Har yanzu ruwa ne?" In leƙa in ce ruwa ne. Kusa da ita wata tsohuwa ce 'yar Moris da ta dawo daga Umra. Da ta ji a Madina aka haife mu, a Madina muke kwana muke tashi, sai ta kama hannun Umma da hannu biyu ta ɗora a ƙirjinta, idonta ya kawo ruwa. Umma ta rasa yadda za ta yi, ta zaro dabino ta ba ta. Mu da muke wuce Harami a guje don kada mu makara aiki, wallahi sai ka fita za ka san yadda ake kallonmu.

A maɗar, filin jirgi ke nan, wurin jawazat masu duba fasfo ba matsala, adireshin masauki kawai suka nema. Kwastan ne aka yi ta. Wata mata ce mai fara'a, ta buɗe jakar Umma ta ɗago kanwa tana jujjuyawa, dutse fari a leda, kun san abin da zai zo mata a rai. Na rasa sunan kanwa da Turanci, sai na gutsura na lasa a gabanta. Fuskar da na yi ce ta gamsar da ita, ta mayar tana dariya. Dabino ya wuce, zamzam ya wuce. Da ta warware zanen nan ta ga ganye, dariyar ta tsaya.

Umma ta ce, "Ce mata ba ci za a yi ba, wanka ne."

Na faɗa. Matar ta ce tsibirinsu ƙarami ne, ƙwaro ɗaya ya biyo ganye zai iya cinye musu gonaki.

"Ce mata ganyen Madina ne."

Na faɗa. Ta ba da haƙuri sosai, ta kuma jefa shi a kwandon da ake ƙonawa. Umma ta bi shi da kallo kamar an kai ɗanta kurkuku. Har muka fito ba ta yi mini magana ba, ya'ni kamar ni ne na ƙwace.

A waje Imran na jira da mahaifinsa, Baba Ismayil. Siririn tsoho ne da farar hula, kwandastan bas ne da ya yi ritaya. Ni ya rungume ni. Umma kuwa daga nesa ya tsaya ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, abin da na ji kawai shi ne "Madina, Madina." Umma ta ja mayafi ta kauda fuska, ta amsa gaisuwar tana kallon ƙasa, yadda ake yi wa suruki. Na zagaya zan shiga gaba sai na tarar da sitiyari a gabana. Hannun hagu suke bi a titi. Duk hanya ina taka burkin da babu.

Hanyar rake ne dama da hagu, har inda ido ya tsaya. Umma ta ce, "Duk rake? To me suke ci?" A layi ɗaya muka wuce masallaci, da coci, da ɗakin bautar 'yan Hindu mai launi kamar kek ɗin biki, kowa na harkarsa. Garin su Imran kuma a tudu yake, tsakiyar tsibirin, ba ruwansa da bakin teku. Yayyafi da sanyi. Ni da na cika jaka da gajerun riguna, rigar sanyin Imran na yi ta yawo da ita, hannunta bai kai mini wuyan hannu ba.

Muna shiga gida uwar Imran, Hala Zubaida, ta taho a guje ta kama Umma ta sumbace ta kunci dama kunci hagu. Umma ta sandare kamar za a ɗauke ta hoton fasfo. Ga Yaya a ƙofar ɗaki da jariri, hawaye shaɓe-shaɓe. Umma ko kallonta ba ta yi ba, ta karɓi yaron ta buɗe fuskarsa ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Da wannan hancin? Na fasa." Imran ya san wasan kaka da jika, ya yi dariya. Ni dai ban fassara wa kowa ba.

Can Hala Zubaida ta ja Imran gefe, shi kuma ya jawo ni. Wai tana tambaya, ko Umma fushi take da 'yarta? A wurinsu uwa ta yi shekaru ba ta ga 'yarta ba, ai sai an ɓamɓare su. Na yi ta bayanin kunyar ɗan fari, cewa mu wanda aka fi ji da shi shi ake kauda wa kai. Ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta shiga ba. Ni kaina da nake faɗa da Larabci sai na ji abin wani iri.

Masaukina ɗaki ne a saman bene, sabon gini, ƙarafa a tsaye a kan rufin suna jiran hawa na gaba. Haka suke yi, ɗa ya yi aure a ɗora masa bene a kan na ubansa. Abinci kuwa mashallah. Akwai wata waina sirirya kamar gurasa mai laushi, da garin wake a cikinta, dal puri suke ce mata, a zuba miya a naɗe a ci a tsaye. Akwai ƙosansu ƙanana masu barkono, ka tura cikin burodi da man shanu. Birinyaninsu da dankali a ciki. Sai wani koren barkono niƙaƙƙe da ke kan kowane tebur. Na ce ni jikan Kanawa ne, na ɗebi cokali guda. Kada ku yi. Hala Zubaida ce ta cece ni da madara mai sanyi.

Washegari bayan asuba Umma ta tashe ni. Ta riga ta samo tukunyar da suke dafa birinyanin biki, ta ɗora a kan gas a bayan gida. Saura ganye. A tsakar gidan akwai bishiyar lemun tsami guda, ba babba ba. Wasu rassanta an zura musu jakunkuna na yadin gidan sauro, an ɗaure bakin da zare. Umma ta zagaya ta, ta murza ganye ta shinshina.

"Ai da wannan ma ana yi. Kakarka da shi take mana surace."

"Umma, mu tambaya mana."

"Wa za ka tasa da sassafe a kan ganye? Ka ga waɗannan da aka rufe, su ne masu tsabta, ƙura ba ta taɓa su ba. Riƙe mini."

Na riƙe, ta sara. Da muka zare yadin sai na ga abu yana motsi. Tsutsotsi ne kore shar, masu ƙiba, kalar ganyen sak. Wasu ƙanana kamar kashin tsuntsu. Na ce, "Umma, tsutsa." Ta ce, "A'uzubillahi, ka ga ƙazanta, a gidan da ke da jariri." Ta karkaɗe su a ƙasa. Kajin maƙwabta da ke shigowa ta ƙarƙashin shinge ba su ɓata lokaci ba. Akwai kuma wasu abubuwa kamar busasshen ganye a maƙale jikin reshe da ɗan zare, waɗannan ba mu ma kula ba, da su aka jefa a tukunya. Gida ya ɗauki ƙamshin lemo. Umma ta kankare ƙayoyi, ta shiga da Yaya banɗaki, ina jiyo Yaya tana "Umma da zafi!" ita kuma tana "Ke da Allah tsaya."

Ina tsaye da yadin a hannu Baba Ismayil ya shigo daga masallaci da burodi a leda. Ya kalli bishiyar. Ya kalli kajin. Ya kalli hannuna. Ya zo ya karɓi yadin, ya leƙa ciki, ya ninke shi a hankali ya sa a aljihu. Ya ajiye burodin a kan taga ya juya ya fita.

Imran ne ya sauko ya ga abin da ya faru, ya dafe kai ya zauna a kan matakala. Ya ce, "Ya Anas, kun san abin da kuka dafa?"

Ashe tsutsotsin nan 'ya'yan malam-buɗe-littafi ne, farasha da Larabci, kuma ba kowanne ba. Wani iri ne baƙi mai ratsin shuɗi, da 'yar jela a kowane fiffiken baya, wanda duk duniya babu shi sai a tsibirin nan. A kan ganyen lemo yake ƙwai. Akwai wani mai ruwan ɗorawa da shi ma yake bin lemo, wannan ko'ina akwai shi har ƙasashenmu, ya cika gari. Baƙin ne ya ja baya a unguwarsu, saboda feshin magani da sare bishiyoyi ana gini. Tun da tsohon ya bar aiki yake bin ganye ɗaya-ɗaya, in ya ga na baƙin sai ya rufe reshen don tsuntsaye, matarsa ke ɗinka masa jakunkunan. Waɗanda suka yi kama da busasshen ganye sun riga sun naɗe kansu, kwanaki kaɗan ya rage su fito da fiffike. Ya ce wa kowa ranar da za a fara fito da jikansa tsakar gida zai kwance su.

Na je na faɗa wa Umma. Ta ce, "Tsutsa? Tsutsa ake kiwo?" Na ga ta ɗan yi jim, amma ta share.

Ranar Baba Ismayil bai ci abinci da mu ba. Washegari ma haka, ya fita tun asuba, in ya shigo ya wuce ɗakinsa ta ƙofar baya. Hala Zubaida tana ta ƙara mana abinci tana murmushin dole. Na ce wa Umma ta ba shi haƙuri mana, kalma ɗaya, ni zan fassara. Ta harare ni. "In tsaya gaban suruki ina zuba? Kai ba ka da kunya, ni ina da ita."

A rana ta uku ta kira ni ɗakin Yaya. Tana ninke kayan jariri.

"Buɗe wayarka ka nemo mana tikiti. Da na yarinyar nan."

"Umma, yaron ko fasfo ba shi da shi."

"A yi masa. Ni da na ƙetaro ruwa na zo, maigida ya juya mini baya a kan tsutsa. To ita da take hannunsu, ba uwa ba uba, ranar da ta fasa musu kofi me za a yi mata?"

Yaya tana zaune a bakin gado tana shayarwa. Ta ce, "Umma, ba haka yake ba wallahi."

"Ba da ke nake ba."

"Umma, ni ba inda za ni."

Shabab, tun da nake ban taɓa jin Yaya ta mayar wa Umma magana ba. Umma ta ajiye rigar da ke hannunta, ta fita bayan gida ta zauna a kan kujerar roba kusa da tukunyarta. Yaya ta kalle ni, na tuna saƙon da ta turo mini.

Na ja Imran muka bi tsohon masallaci da azahar. Bayan sallah muka same shi a baranda shi kaɗai. Na ce Imran ya tambaye shi ko fushi yake da mu. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya yi magana da yarensu, Imran na juya mini.

"Fushi nake, ba zan yi ƙarya a masallaci ba. Shi ya sa nake gudu. Matar nan maƙwabciyar Manzon Allah ce. In zauna gabanta da wannan fuskar? Na ce bari ya huce tukuna."

Na ce a raina, ikon Allah. Ita tana can ta ɗauka raini ne, shi yana nan yana ɓoye mata fuska don girmamawa.

Sai ya ƙara da cewa abu ɗaya ne bai gane ba. In Umma ƙyamar tsutsotsin take, ai sai ta faɗa ya kwashe su. Me ya kai ga dafawa? Na juya na kalli Imran. Ya sunkuyar da kai. Ashe duk kwanakin nan ba wanda ya gaya wa tsohon abin da aka yi da ganyen. Imran kunya yake ji ya yi wa ubansa zancen wankan matarsa, Hala Zubaida kuma ta ɗauka Imran ya faɗa. Su ma ashe suna da tasu.

To ni ba ni da wannan matsalar. Da Turancin shagon waya da hannu da ƙafa na yi masa bayani: mai jego, ruwan zafi, ganye, kwana arba'in, matar kwastan. Na nemo hoton darbejiya a waya na nuna masa. Ya karɓi wayar ya matso da ita ido.

"Nim!"

Ya ce ai da shi mahaifiyarsa ta yi wa Hala Zubaida wanka lokacin da aka haifi Imran, 'yan zamani ne suka bari. Nan tudu ba ya yi, sanyi ya yi yawa, sai ƙasa wajen arewa inda ake rana. Ya miƙe ya sa takalmi. Imran ya ce yana da darasin da zai koyar a madarasa. Tsohon ya nuna ni da yatsa, ya nuna hanya. Yalla, mu tafi.

Tafiya da tsohon kwandasta a bas wani abu ne. Kowane direba ya san shi, kowa sai ya tsokane shi, shi kuma yana nuna ni yana cewa Madina, sai ka ga an matsa mini wuri. Ba mu da yare ɗaya ni da shi, amma ba mu yi shiru ba. A tsakiyar hanya ya ja ni muka sauka a wani ƙauye, muka bi wata 'yar hanya ta bayan gidaje zuwa bakin wani kwari, inda tsofaffin bishiyoyin lemo suke, ba mai kula da su. Ya ce in tsaya. Muka tsaya. Sauro ya fara aikinsa a ƙafata.

Sai ga shi. Ya fi yadda na zata girma, ya kusa tafin hannuna. Baƙi wuluk, da ratsi shuɗi mai ɗaukar ido da ya ratsa fiffiken daga sama har ƙasa, in ya juya rana ta taɓa shi sai ya koma kore-kore. Ba ya tashi a hankali irin namu na lambun Ƙuba a Madina, sauri gare shi kamar an aike shi. Ya sauka a kan fure, ƙafafunsa na kai amma fiffiken bai daina karkarwa ba, ga 'yan jelar nan biyu suna rawa. Na zaro waya. Tsohon ya dafe mini hannu ya mayar da ita ƙasa, ya nuna idona. Na dai saci bidiyo daga baya, na duba a bas, ganye ne kawai da muryata ina cewa "wenu, wenu," wato yana ina. Don haka kada wanda ya ce in tura.

Wani na biyu ya zo, suka yi ta zagaya juna suka haye sama. Na kalli Baba Ismayil, bakinsa na motsi, tasbihi yake. Sai a lokacin na ji nauyin abin da muka zuba wa kaji.

Darbejiyar a gidan wani abokinsa muka samo, ɗan Hindu ne da suka yi aikin bas tare, direbansa ne shekara da shekaru. Da ya ji na mai jego ne, shi da kansa ya hau tsani ya saro, matarsa ta ba mu shayi mai ƙamshin banila, ta kuma ƙara mana wasu ganyayen da ban san su ba ta ce a haɗa. Muka ɗaure dami guda da igiya muka shiga bas, rassa na shafar kan mutane, wata tana faɗa, tsohon yana ba ta amsa kowa na dariya. A nan ne na ga teku ta taga, shuɗi kamar an zuba masa bula. Minti kaɗan muka juya muka hau tudu.

Ni na ɗauko damin tun daga tasha. Muna isa ƙofar gida ya ce in sauke. Ya ɗauka ya ɗora a kafaɗarsa, tsoho da shi har yana tangaɗi, na kai hannu ya buge. Haka ya zagaya bayan gida. Umma na nan inda na bar ta. Ta gan shi ta yi wuf ta ja mayafi. Ya sauke damin a gabanta, ya ja da baya, ya dafa ƙirji ya yi magana. Imran ya dawo lokacin, shi ya fassara.

"Ya ce ga ganyen 'yarsa. In ya ƙare a faɗa masa, ya san inda yake."

Umma ba ta ɗago ba. Ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina, ta ɗanɗana a harshe. Sannan ta ce mini ƙasa-ƙasa, "'Yarsa ya ce?"

"Haka ya ce."

"Ce masa an gode, Allah ya saka." Ta gyara mayafi. "Ce masa ban san kiwonsa ba ne. Da na sani ko akuya ce ba zan taɓa ba, balle abin da ba ya cin na kowa."

Aka faɗa masa. Ya girgiza hannu, halas, halas.

"Tambaye shi, akwai sauran iri?"

Tsohon ya yi murmushi, karo na farko tun ranar. Ya je gindin lemon ya jawo wani reshe na sama da hannunmu bai kai ba, ya juya ganye. Ƙwai ne ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗaya nan, ɗaya can. Umma ta taso, ta tsaya nesa da shi yadda ya kamata, ta miƙa wuya tana leƙe. Wata kaza ta shigo ta ƙarƙashin shinge. Kafin kowa ya motsa takalmin Umma ya same ta.

Da yamma aka ci abinci gaba ɗaya, maza a tebur, Umma ta ce ita a tabarma za ta ci da Hala Zubaida, ta dama musu kunun kanwa, Hala ta sha tana yabawa da ido jajur. Bayan an kwashe kwanuka na same ta tana tsinke ganyen gobe. Yaya na daga ƙofa da yaron a kafaɗa, tana yi kamar iska take sha.

Na ce, "Umma, tikitin fa? Na samo."

"Wane tikiti?"

"Na Yaya."

"Wa ya ce maka za ta wani wuri? Yarinya da gidanta. Kai dai nemi naka, ka bar wa mutane shago."

Yaya ta juya ta shige ɗaki da sauri. Umma ta bi bayanta da kallo, kallo sosai, tunda ta tabbata ba ta ganinta.

To haka na dawo ni kaɗai, da rigar sanyin Imran da na manta ban cire ba. Arba'in ta cika tun makon jiya. Abba kullum sai ya sa na kira masa Umma ya ji yaushe za ta taho, Imran ma ya ce zai rako ta in zai kawo 'yan Umra. Jiya ta ce a gaya wa Abba ya ƙara haƙuri, tsutsotsin reshen sama sun naɗe kansu ba su fito ba tukuna, kuma kajin maƙwabtan nan ba su da tarbiyya, ba ta ga wanda za ta bar wa tsaron ba.